Hannun da Aka Kwance

Shekara tara ina ɗaure wannan hannu da zare
a fagen Ƙaura Namoda, bayan la'asar.
In kalangu ya kira sunana, jinina kan tafasa
kamar romon da aka manta a murhu.
Na taɓa karya haƙarƙarin wani yaro daga Zurmi,
na kwana ina dariya.

Sai Lantana ta sauka, daren Talata, ana ruwa.
Ungozoma ta fito da abu cikin zane.
Ni mahauci ne, hannuna sikeli ne:
bai kai cinyar ɗan akuya ba.
Ta ce, karɓi, yi mata huɗuba.
Na sa baki a kunnenta,
ƙamshin kanta ya shige ni ta hanci,
har yau bai sami ƙofar fita ba.

'Yar fari ce. Ba a kiran sunanta,
ba a ɗaukarta gaban manya.
Haka na tarar, haka ubana ya yi da ni,
ban san ɗumin tafinsa ba sai ranar da ya mare ni.
To, da rana nakan wuce kamar ban gan ta ba.

Da dare kuwa, kafin ta buɗe baki na farka.
Ruwan jego ya dafa Lantana, tana barci,
sai in ɗora yarinyar a ƙirji, fata da fata,
ina zagaya ɗaki ina wani gunaguni,
ba waƙa ba, ba kirari ba,
wata siririyar murya
da ban san an ajiye ta a maƙogwarona ba.

Ɗantani ya ce sammu aka yi mini.
"Mi ya same ka? An kaɗa takenka jiya,
ka tsaya kana kallon ƙasa."
Inna ta ce mace ta shanye ni,
ta aiko da rubutu a kwalbar lemo.
Na sha, na yi gyatsa, na koma jijjiga goyo.

Ranar rigakafi ni kaɗai ne mai gemu a benci.
Malama Barira ta dube ni ta saman tabarau.
Na ce, ko ciwo ne? Zafin zuciyata ya huce,
kukan jariri, ko na maƙwabta ne, matse mini ƙirji yake.
Ta yi dariya tana jan ruwan allura,
ta ce akwai sinadarai a jini, ido ba ya ganinsu:
wani ke zuga namiji ya nemi abokin karawa,
wani ke manne uwa da abin da ta haifa.
Uban da ke runguma, in ji ta,
na farkon kan lafa masa, na biyun ya motsa.
Ta ce, ba mama kaɗai ke kawo ruwa ba.
Riƙe mini ƙafarta.

Allurar ta shiga cinyarta, ni na runtse ido.

Ban gane duk bayanin ba.
Na dai san gulbin Gagare da rani,
yashi ne tsagwaronsa, har jakai ke birgima a kai,
amma tona da hannu, kamu ɗaya,
ka ga ruwa na tsattsafowa.

Ban ce na bar dambe ba, kaka na zuwa.
Sai dai zaren nan Lantana ta ɗaura shi
daga turken awaki zuwa dalbejiya,
ƙyallaye bakwai ke shan rana a kansa.

A dokar fage, wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi.
Ɗazu ta kama babban yatsana da duka biyar nata,
gwiwoyina biyu suna kan tabarma.
Na waiga, ba kowa a tsakar gida.
Na ce, Zuwaira.
Na sake faɗa.